Kangon Aji

Na sha wahala, wannan ita ce maganar farko. Duk mai cewa tafiya mabuɗin ilmi ce ya zo ya duba ƙeyata. Kuma tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Mutum ya kawo tayarsa a yi masa faci, maimakon ya zauna a benci ya kama bakinsa, sai ya ce, "Bukar, wai an ce gado ka je karɓowa?" Na faɗa wa wannan, na faɗa wa wancan, har yawuna ya ƙafe. To ga shi a rubuce. Firamare ma ban ƙarasa ba, wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙar da abinsa.

Inna ce silar tafiyar, wato mahaifiyata. Tun saukar damina ta kwanta. Ba wani ciwo da likita ya iya nunawa da yatsa, abinci ne kawai ta daina ci. A dama kunu ta kurɓa ta ture. Matata Hajara ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, tsohuwa kullum sai ƙara shigewa cikin katifa take. Ran nan da safe na shiga gaishe ta, ta kama wuyan hannuna ta ce, "Bukar, ka je Kwarin Ɗinya ka gano min aji. Ka ga abin da ya rage, ka zo ka faɗa min."

Kwarin Ɗinya ƙauye ne can bayan Tsanyawa, a nan aka haife ta. Ubanta, kakana ke nan, sunansa Aji, Babarbare ne da ya zo daga Borno da fataucin kanwa ya zauna. Ya rasu tana ƙarama, uwarta ta kwaso su suka dawo wurin dangi a nan Gezawa, ba wanda ya sake waiwayar garin. Yayyen Inna kafin su rasu sun cika mana kunne da cewa gidan Aji ne gidan kwano na farko a duk yankin. Don haka ban tsaya tambaya ba. Tsohuwa na son labarin gidan ubanta. Hajara ta ce, "Malam, ka daure ka je. Wataƙila in ta ji labari mai daɗi ta buɗe baki ta ci wani abu." Ba zan ɓoye muku ba kuma, zuciyata ta raɗa min cewa gidan kwano ba ya rasa gona a bayansa.

Na saka kaftanina na Juma'a, don kada a ce jikan Aji ya zo a wulaƙance. Daga Gezawa zuwa 'Yankaba ba abin faɗi. Na hau Adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa, na tarar da bas ɗin hanyar Katsina, ɗan kamasho na ta ihun "mutum ɗaya ya rage!" Na shiga da sauri ina murna ni ne mutum ɗayan. Ina zama wani ya sauka. Wata mata ta shigo, wani ya sauka. Ashe rabin motar 'yan zaman cika ido ne. Rana ta take sosai kafin mu tashi, mutum ɗayan nan kuwa har muka bar tasha ban ga fuskarsa ba.

A kujerar baya aka cusa ni, tsakanin wata mai ƙwaryar daddawa da wani dattijo mai buhun taki a kan cinya. Dattijon nan bakinsa ba ya rufuwa. Kafin Dawanau ya san sunana, ya san sana'ata, ya san Inna ba lafiya, ni kuwa abin da na sani game da shi kawai taki ya yi tsada. Muna wuce Bichi hadari ya sauko. Gilashin layinmu ba ya rufuwa, direba ya sa aka miƙo min tsumma ya ce in miƙa hannu in riƙe. Can sai tayar baya ta yi bindiga, mota ta yi rawa ta tsaya a gefen wata gonar dawa.

Na noƙe, na sunkuyar da kai kamar mai lazimi. Sai dattijon nan ya ɗaga murya, "Direba, kada ka damu, Allah ya haɗa ka da mai faci! Malam Bukar, bismilla."

Haka na kwanta a taɓo da kaftanin Juma'a. Jak na nutsewa, ina neman dutse, fasinja na cikin mota suna ba ni shawara ta taga. Da na gama direba ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ita ce ladar, ita ce sabulun wankin.

A Tsanyawa na sauka kamar wanda aka tono. Na zauna wurin wata mai ɗanwake na ci, barkononta ya fi ɗanwaken yawa, ina ci ina share hanci. Na tambayi mutanen wurin ko sun san gidan Aji a Kwarin Ɗinya. Suka dubi juna. Wani ɗan acaɓa mai furfura a gemu, ana ce masa Sani Birki, ya ce, "Kangon Aji kake nufi? Wa bai san shi ba? Hau mu je."

Murna ta kama ni. Mutum ya mutu shekara da shekaru amma har 'yan acaɓa na riƙe da sunansa. Na ce lallai kakana ba ƙaramin mutum ba ne. Daga baya na gane abin da ya sa ake ce wa mutumin Birki, don shi ne abin da babur ɗinsa ba shi da shi.

Hanyar ba hanya ba ce, kunya ce tsakanin gonaki. Gero ya fi kanmu tsawo, ganye na marina hagu da dama. Mu ma a Gezawa gonaki a matse suke, amma can abin ya wuce misali. Ɗanwake ya fara magana a cikina, na ce Sani ya tsaya in kewaya. Duk inda na nufa gonar wani ce, kuma mai ita yana ciki, kuma sai ya gaishe ka. Na tsuguna bayan wata kuka, sai na ji daga sama an ce, "Sannu da zuwa, baƙo." Wani ne a kan reshe yana ɗiban ganye. Na tashi na haƙura.

Muka zo wani layin gamba, Sani ya ce, "Yanzu mun shiga Katsina." Ban gama gyara zama ba ya ce, "Mun dawo Kano." Iyakar ke nan, ba shinge ba soja, akuya ce kawai a ɗaure tana cin ciyawar jiha biyu. Maganar mutanen ma haka take, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ka ji an ce maka "mi ya hwaru," ka waiwaya ka ga mai maganar Bakano ne kamarka. Gaisuwarsu kuwa ba ta da ƙarshe. Mu a bakin titi "ya aiki" ta wadatar. Su sai sun tambayi gida, da ruwa, da gajiya, da gajiyar jiya.

Sani ya sauke ni a ƙofar gidan mai unguwa, Malam Idi, wani siririn dattijo mai son a san shi ne mai unguwa. A garin ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha fura, don haka na sha, ina sha maganar na cina. A zauren akwai wani tsohon Bafulatani, Baffa Sale, yana dogare da sanda yana ƙare min kallo. Da na ce ni jikan Aji Babarbare ne, na zo ganin gidan kakana, sai ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! Bawana ya dawo gida. Tun yaushe kuka gudu?"

Na ce, "Fulata, mu da muka koya muku sa riga?"

"Kun koya mana, shi ya sa taka ta yi kyau haka," ya nuna taɓon kaftanina da sanda.

Malam Idi bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Bukar, ban katse ka ba. Kangon nan makaranta ce. Aji, wato ajin karatu. Shi ya sa ake ce masa haka."

Na ji kamar an zuba min ruwan randa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi karatu a ciki?"

"Kafin in yi wayo an rufe ta. Amma yayana ya faɗa min."

"Yayan naka na nan?"

"Ya rasu."

"To yayyen mahaifiyata ma sun rasu, kuma su cewa suka yi gidan ubansu ne."

Baffa Sale ya buga sanda a ƙasa. "Gaskiyar bawana! Gidan Aji ne, sito ne na gyaɗa da kanwa. Kuma dukiyar bawa ta ubangidansa ce, shi ya sa maruƙana suke kwana a ciki."

Nan na fara gane kowa da inda yake kallo. Mai unguwa na son ta zama makaranta don gwamnati ta zo ta gyara, an ce duk ɗan takarar da ya shigo garin sai an kai shi ya tsaya a gabanta an ɗauke shi hoto. Baffa na son ta zama komai ban da makaranta, don kada a kori dabbobinsa. Ni kuma ina da tsohuwa a kwance tana jiran labarin gidan ubanta.

Bayan la'asar muka tafi mu uku. Kangon yana bayan gari, gero ya kewaye shi har bakin bango. Dogon gini ne, ɗaki biyu a jere, shafen siminti ya zube jar ƙasa ta fito. Tagogi manya-manya, ba ƙyaure ko ɗaya. Kwanon rufin saura ɗan kaɗan a kusurwa. Malam Idi ya ce iska ce ta kwashe. Ni dai na lura rufin zaurensa tsohon kwano ne mai hujin ƙusa inda ba ƙusa. Iskar garin ta san gidan manya.

Ɗakin farko na maruƙa da awaki ne, ƙafata ta nutse har idon sawu, kuma ba a taɓo ba. Na biyu an jibge kara a gefe, jemagu na rataye a sauran azara, warinsu ya fi na daddawar mota. Na tsaya tsakiya ina ƙoƙarin ganin kakana zaune a kan buzu yana auna kanwa. Ina cikin ƙoƙarin Malam Idi ya nuna bangon gabas.

"Ga allo nan."

Wani baƙin wuri ne shafe a jikin bango, mai faɗi. Na ce, "Hayaƙi ne. Nan ake girki."

"Malam Bukar, ka taɓa ganin hayaƙi mai kusurwa huɗu?"

Na tofa yawu a yatsa na goga, bai fita ba. Na sa ɗan makullina na kankara, siminti ne aka yi wa baƙin fenti. Na ce to allon lissafin buhuna ne, ai attajiri ba ya rasa lissafi. Baffa ya ce, "Ƙwarai, ina nan aka yi." Mai unguwa ya ce, "Kai da ka zo garin nan bayan an yi titin Katsina?"

A gaban allon akwai ɗan dandamali. Malam Idi ya ce nan malami ke tsayawa, na ce nan ake ɗora sikeli. A ƙasan tagogi, daidai tsawon gwiwata, an yi ta zane da ƙusa a jikin siminti. Na durƙusa na duba. Duk ƙarancin karatuna na san A in na gan ta, na san B, ga wata K an rubuta ta tana kallon baya, irin yadda ni ma nake yi har aka gaji da dukana. Na tashi na kakkaɓe gwiwa na ce alamar buhu ce. Wannan karon ko Baffa bai taya ni ba.

Muka fito waje. Darbejiya ce a jere kamar an ja musu layi, tsofaffi, a jikin ta ƙarshe kuma wani ƙarfe na rataye da sarƙa, reshen ya girma ya haɗiye sarƙar. Wannan kam ba mai faɗa min, da shi nake cin abinci. Ƙarfen tayar tsohuwar motar roka ne, gefe ɗaya ya lotsa don duka. Malam Idi ya ce, "Ƙararrawa." Na ce, "Nauyin sikeli ne, wannan ko an buga ba ya ƙara." Na ɗauki dutse don in nuna musu.

Jama'a, ƙarar da ƙarfen nan ya yi, na tabbata an ji ta a jiha biyu. Mata suka miƙe daga cikin gonaki suna leƙe, maruƙa suka fasa ɗaki. Ashe kuma rina ta yi gida a cikinsa. Mai unguwa da tsufansa ya riga ni shiga gero. Baffa ya kwanta ya rufa da rigarsa. Ni da na tsokano su, ni suka bi, suka same ni a ƙeya da bayan kunne. Da ƙura ta lafa Baffa ya ɗebo ɗanyen kashin shanu ya shafa min, wai maganin bayi ke nan. Ya yi sanyi kuwa, ba zan ci amanarsa ba.

A zauren mai unguwa na kwana. An kawo tuwon dawa da miyar kuka mai wake a ciki, mu ba ma sa wake, amma ta yi daɗi, sai dai tauna na jan ƙeyata. Sauro kuma ya ƙarasa abin da rina ta bari. Da safe Malam Idi ya tausaya min. Ya ce ya taɓa jin manya na zancen wani Babarbare mai kanwa, yana tsohuwar maƙabarta, amma wane kabari ne, Allah kaɗai ya sani. Ya raka ni, muka tsaya a bakin wurin, ciyawa ta rufe komai, na yi wa kowa da kowa addu'a, in Aji na ciki ya ɗauki rabonsa. Baffa ya kawo min man shanu a 'yar kwalba ya ce in kai wa baiwarsa.

A hanyar dawowa ban kula da matsi ba. Makaranta ce, ko makaho ya shafa ya sani. Gona kam na yafe ta tun a cikin gero. Abin da ya tsaya min shi ne Inna. In je in ce mata gidan kwanon ubanta tatsuniya ce, sunan ma ba nasa ba ne? Tsohuwar da kunu ma ba ya wuce mata? Kafin Dawanau na gama shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi har ya zauna.

Na iso bayan la'asar. Hajara ta ga kaina ta riƙe baki, na ce ta bari tukuna. Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin katifa. Ta ƙara ramewa.

"Ka je?"

"Na je, Inna. Gidan na nan. Katafaren gida, ɗakuna manya, ga sito, ga inda yake ɗora sikeli. Har yau da sunansa ake kiran wurin."

Ta yamutsa fuska. "Wane gida?"

"Gidan Aji mana. Kakana."

Ta tsare ni da ido, irin kallon da take min ina yaro in na dawo da canjin da bai cika ba. Sannan ta ce, "Kai Bukar, furfura ta fito maka a banza. Ni zan buɗe baki in kira ubana da sunansa? Tun da na haife ka ka taɓa ji?"

Ban taɓa ji ba. Baba take cewa, ko a bayan idonsa, ko a addu'a. Hajara daga bakin ƙofa ta ce, "La ilaha illallahu."

"Aji na ce maka. Aji, inda ake karatu. Baba a bukkar kara ya zauna har ya koma ga Allah, damina ɗaya ta cinye ta. Gidan kwano kuwa, yayyena ne da bakinsu, Allah ya gafarta musu."

Na ce, "Inna, ke kin yi makaranta?"

"Rani ɗaya da 'yan kwanaki. Mai gari ne ya ce kowane gida a kawo yaro, Baba ba shi da namiji, ya ce a tafi da ƙaramar. A gaba ake zaunar da ni don gajarta, ni nake goge allo. Malam ya ce kaina na ja." Ta tsaya ta huta. "Ran da za mu taho, an ɗora ni a kan jaki da sassafe, muna fita gari na ji an buga ƙarfe. Na ce a sauke ni, aka ce in yi shiru."

"Ba ki taɓa faɗa mana ba."

"Wa ya tambaye ni?" Ta ja hannuna. "To ka ɓata tafiya ke nan. Gidan wasu ka je ka ƙare wa kallo."

"A'a, Inna. Can na je."

Na warware mata komai, na zubar da sito da sikeli. Na faɗa mata ɗaki biyu, da tagogi, da darbejiya a jere. Ta ce ƙanana ne lokacin, su suke ba su ruwa da gwangwani. Ta ce, "Allon na nan?" Na ce yana nan, na goga da yawu ma bai fita ba. Ta ce, "Ƙarfen fa?" Na juya mata ƙeyata, na faɗa mata yadda aka yi.

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Hajara ta zo tana bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce, "Alhakin makaranta ne, kai da ka gudu daga taka." Ta dubi kwalbar da ke hannuna ta tambayi ko mene ne. Na ce man shanu ne, wani Fulata ya ce a kawo wa baiwarsa. Ta ce, "Ubansa ne bawa. Hajara, akwai sauran tuwo? Sa min wannan a kai."

Ba ta ci da yawa ba, amma ta ci, muna zaune muna kallonta kamar ba mu taɓa ganin mai cin tuwo ba. Tana suɗe yatsa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka ce mota na zuwa har can?"

"Har Tsanyawa. Daga nan sai babur, ko amalanke."

"To."

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na tafi gidan wani direba maƙwabcinmu mai ƙaramar mota, na same shi yana wanke ta. Na ce ina son ya ware min rana guda, kuma kujerar gaba ta tsohuwa ce ita kaɗai, a kwantar mata da ita. Ya ajiye bokiti ya ce, "Subhanallahi, jikin ne? Asibiti za a kai ta?"

Na ce, "A'a. Makaranta."